Yaushe rabonka da ganin ungulu?

Tsakani da Allah, yaushe rabonka da ganin ungulu? Ba a hoto ba, ba a bidiyon namun daji na YouTube ba. Ungulu da ranta, ta sauka a bakin kwata, ko ta yi tsuru a kan rufin rumfar kasuwa tana jiran mahauta su gama fiɗa. Idan shekarunka ba su wuce 20 ba kuma a birni ka tashi, ba abin mamaki ba ne ka ce ba ka taɓa ganinta ba. To ka je ka tambayi babanka ko kakarka. Za su gaya maka a da ungulu ba abin kallo ba ce. Tana kwata, tana juji, tana kan kuka da rimi da tsamiyar bayan gari, har sai an kore ta da jifa kafin a samu wurin shanya fata.

Abin da ya rage mana yanzu shi ne sunanta a baki. Idan wani ya damfare ka a cinikin waya, ka ce an yi maka ungulu da kan zabo. Idan ɗan siyasa ya koma jam'iyyar da ya bari, nan da nan Facebook ya cika da cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Muna ta amfani da karin maganar, amma tsuntsuwar da aka gina maganar a kanta ta ɓace daga garuruwanmu da yawa, kuma ba mu ma lura ba.

Akwai waɗanda suka lura. Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, wadda aka fi sani da NCF, ta shafe shekaru tana gangamin ceto ungulu. Ƙungiya ce mai zaman kanta da marigayi Cif S. L. Edu ya jagoranci kafawa a 1980, hedikwatarta tana Lekki a Legas, kuma ita ce abokiyar aikin BirdLife International a ƙasar nan. Mutanen Jigawa da Yobe sun san sunanta tun aikin kare fadamun Hadejia da Nguru da aka fara a 1987. Duk Asabar ta farko a watan Satumba, ranar wayar da kai game da ungulu ta duniya, za ka ga ta fitar da sanarwa, ta shirya taro, ta kai ziyara makarantu.

Na kuma san yadda yawancinmu ke karɓar irin wannan labari idan ya faɗo mana a waya. Alamar dariya, sai tsokaci: "Mutane na kwana da yunwa, waɗannan suna maganar ungulu." Wani ya ce a fara ceto ɗan Adam daga hannun 'yan bindiga tukuna. Ba na ganin laifin mai faɗar haka. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kowa ya san yadda kwanon shinkafa da kuɗin mota suka koma, kuma wanda aka sace ɗan uwansa ba shi da lokacin tunanin tsuntsu. Amma ina so ka ba ni 'yan mintoci, domin ra'ayina shi ne wannan gangamin ya fi shafar lafiyarka da ta ƙannenka fiye da yadda ya shafi tsuntsuwar, kuma ɓangaren da ya rage a cikinsa aikin masu waya ne irina da kai.

Mu fara da aikin da ungulu ke yi, wanda ba a taɓa biyanta ko sisi a kai ba. Idan jaki ya mutu a bayan gari, ko saniya ta faɗi a daji, gawar nan matattarar cuta ce. Ungulaye na hango ta daga sama, su sauka da yawa, cikin ɗan lokaci su bar ƙashi kawai. Ruwan cikin ungulu yana da tsananin tsami, har yana kashe ƙwayoyin cututtukan da za su iya halaka wata dabbar, ciki har da na antaraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa. Wato yawancin abin da ya shiga cikinta ya ƙare ke nan. Kare ko ɓera kuwa, in ya ci mushe, gida zai dawo, ya sha ruwa inda awaki ke sha, ya kwanta inda yara ke wasa. Wani bincike da Darcy Ogada da abokan aikinta suka yi a Kenya, aka wallafa a 2012, ya nuna cewa idan babu ungulu, lokacin da mushe ke ɗauka kafin ya ƙare yana ninkawa kusan sau uku, dabbobin da ke taruwa a kansa su ma su ninka kusan haka, suna cuɗanya da juna. Duk wanda ya san yadda cuta ke yaɗuwa ya san ma'anar wannan.

In kana ganin wannan lissafin masana ne kawai, ka dubi Indiya. Har zuwa farkon shekarun 1990, ƙasar na da ungulaye miliyoyi. Indiya ƙasa ce mai ɗimbin shanu, kuma mabiya addinin Hindu ba sa cin naman saniya, don haka idan ta mutu a fili ake barinta, ungulu ta gama da ita. Sai likitocin dabbobi da makiyaya suka fara yi wa shanu allurar dikulofenak, wannan dai maganin ciwon jikin da kake saya a kemis. Yana da arha, yana kuma yi wa saniya aiki. Abin da ba wanda ya sani shi ne, ungulun da ta ci naman saniyar da aka yi wa allurar kwanan nan, ƙodarta ce ke lalacewa, cikin 'yan kwanaki ta mutu. Sai a 2004 masu bincike suka tabbatar da dalilin, a 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana ba dabbobi maganin. Kafin nan aikin gama ya gama. Wani nau'in ungulun ƙasar ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100.

Me ya biyo baya? Mushe ya yi ta ruɓewa a fili da bakin ruwa. Karnukan da ba su da masu su suka samu abinci a ɓagas, suka hayayyafa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka kwatanta yankunan da a da suke da ungulu da waɗanda dama ba su da ita. Ƙiyasinsu shi ne ɓacewar ungulu ta jawo ƙarin mutuwar mutane kusan dubu 500 tsakanin 2000 da 2005. Rabin miliyan fa.  Saboda haka idan wani ya ce maka a fara ceto mutum kafin tsuntsu, ka gaya masa a Indiya an gwada rayuwa ba tsuntsun, mutum ne ya biya.

Yanzu dawo gida ka duba unguwarku. Wace ƙaramar hukuma ce ke da motar kwashe mushe? Idan akuya ta mutu, ina ake kai ta in ba kwalbati ko kududdufi ba? Jini da tumbin kwata ina suke gangarawa? Mu ma muna da dabbobi da yawa, muna da karnukan da ba a yi wa rigakafi ba, asibitocinmu kuma sun cika sun batse. A Yulin 2023 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullar antaraks a wata gona a yankin Suleja ta Jihar Neja. Ba ina cewa rashin ungulu ne ya kawo ta ba. Ina cewa ƙasar da irin wannan cuta ke iya ɓulla a cikinta ba ta da dalilin yin sakaci da mai share mata mushe kyauta.

To ina ungulayen namu suka tafi? A nan labarin Afirka ya bambanta da na Indiya. Can kuskure aka yi. Nan da gangan ake kashe ta. Wani babban nazari da ya fito a 2016 ya duba nau'o'in ungulu takwas na nahiyar, ya gano sun ragu da kashi 62 cikin 100 a tsaka-tsaki cikin shekara 30. Daga cikin mace-macen da aka rubuta, kashi 61 guba ce, kashi 29 farauta ce don sayar da sassan jikinta ga masu haɗa magani da tsibbu, kashi 9 kuma wayoyin lantarki ne. A gabashi da kudancin Afirka guba ce kan gaba: makiyayi ya sa wa zaki ko kura guba a mushe, ungulu ta ci, ko masu kashe giwa su sa wa gawar guba da gangan don kada shawagin ungulu ya tona musu asiri. A Botswana a 2019 an tsinci gawar ungulu 537 a wuri ɗaya. A yammacin Afirka kuwa kasuwa ce ke cinye ta. A Guinea Bissau a 2020 an kashe sama da 2,000, an samu da yawa an yanke musu kai. Tun 2015 ƙungiyar IUCN ta sanya ungulun nan tamu ta cikin gari, mai jan wuya da siririn baki, a jerin halittun da ke dab da ƙarewa.

Abin da ba daɗin ji shi ne, idan ana maganar wannan kasuwa, sunan Najeriya ne ke fitowa a sahun gaba. Da namu suka yi ƙaranci, sai mafarauta suka fara ƙetara iyaka zuwa Nijar da Chadi da Kamaru. Akwai labarin da ya kamata kowane matashi ya sani. A 2013 masu bincike a Girka suka maƙala wa wani ɗan farar ungulu, nau'in da ake kira ungulun Masar, na'urar bin sawu, suka raɗa masa suna Paschalis. Nau'in ya kusa ƙarewa a yankinsu, don haka kowane ɗaya yana da daraja a wurinsu. Tsuntsun ya baro Turai, ya ƙetare hamadar Sahara, ya sauka kudancin Nijar. A farkon 2014 na'urar ta nuna wani abu ya faru. Da aka bi sawu, sai aka gano wani mafarauci ne ya kashe shi don kasuwar Najeriya. Ka yi tunani: ya tsallake teku da hamada, dubban kilomita, ya zo ya ƙare a buhu.

Ga kuma wata matsalar da ke sa asarar ta yi wuyar mayarwa. Ungulu ba kaza ba ce. Ƙwai ɗaya take yi a shekara, ɗan kuma sai ya yi shekaru kafin shi ma ya fara haihuwa. Idan aka kashe uwa ɗaya, an kashe zuriyar shekaru masu yawa. Sannan a kan dogayen itatuwa take sheƙa, su kuwa muna gani ana sare su ana gawayi, ana yanka filaye ana sayarwa. Gidan tsamiyar da muke cewa ta koma, tsamiyar ma tana buhun gawayi.

Wa ke sayen kan ungulu? Wannan tambayar ce ba mu so a yi, domin amsar tana kusa da mu. An yi imani cewa tunda ungulu na hango mushe daga nesa, kanta ko ƙwaƙwalwarta za su sa mutum ya hango abin da ke tafe, ko ya samu sa'ar kasuwa, ko ya ci caca, ko ya yi nasara a takara. Mafaraucin da ya kama ta talaka ne, ɗan abin da yake samu bai taka kara ya karya ba. Kuɗin yana wajen mai nema. Mai neman kuwa ba tsoho ne kaɗai a ƙauye ba. Akwai mai babbar riga, akwai kuma matashi mai iPhone da ke son ya kwana talaka ya tashi attajiri, wanda ya zuba kuɗin makarantarsa a cacar ƙwallo yana neman wanda zai "duba masa". Ni dai tambayata ɗaya ce: tsuntsuwar da ba ta hango mai zuba mata guba ba, yaya za a yi busasshen kanta ya hango maka sakamakon wasan Arsenal? Malamanmu sun daɗe suna wa'azi a kan zuwa wajen boka da masu duba, kuma duk ɗan Islamiyya ya san Alƙur'ani a Suratul An'am ya bayyana dabbobi da tsuntsaye a matsayin al'ummomi kamar mu. Ke nan ba sai Bature ya zo ya koya mana cewa wannan ta'asa ce ba.

Abin da ya fi burge ni a aikin NCF shi ne hanyar da ta bi da masu maganin gargajiya. Abu mafi sauƙi shi ne ta tsaya a Legas ta kira su jahilai, ta nemi a kama su, jaridu su buga, a tafa mata. Ba ta yi haka ba. Ta zauna da ƙungiyarsu da shugabanninsu, ta tambaye su me suke yi da sassan ungulu, sannan aka nemi tsirrai da saiwoyin da su da kansu suka yarda za su iya maye gurbinta. Wani ɓangare na wannan aiki ya gudana ne a ƙarƙashin shirin ceto ungulun Masar da ya haɗa ƙasashen da tsuntsun ke ratsawa daga yankin Balkan zuwa Afirka, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos da ƙungiyar Sahara Conservation da ke aiki a Nijar su ma suka shiga.

Na san akwai mai cewa wannan sassauci ne, kamar an amince da camfin ke nan, an dai canza masa kayan haɗi. Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma ka dubi zahiri. Mai maganin gargajiya shi ne likitan farko ga miliyoyin mutanen da asibiti ya yi musu nisa ko tsada. Yawancinsu ma ganye da saiwa suke aiki da su, ba ruwansu da ungulu. Idan ka haɗa su duka ka zage su, ka rasa waɗanda za su iya shiga inda kai ba za ka iya ba. Cinikin kuma ba zai tsaya ba, ƙarƙashin tebur zai koma, farashi ya tashi, mafarauci ya ƙara ƙaimi. Ungulu ba ta da shekara 50 da za ta jira mu gama gardamar aƙida.

A ajinmu na aikin jarida an koya mana wani tsohon nazari da Paul Lazarsfeld da abokansa suka yi a Amurka tun shekarun 1940. Sun gano cewa saƙon kafafen yaɗa labarai ba kai tsaye yake sauya ra'ayin jama'a ba. Yana fara isa ga wasu mutane da ake jin maganarsu, su ne suke isar da shi ga sauran. Mu a Arewa ba ma buƙatar littafi don mu gane wannan, mun gani a polio. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohi saboda zargin da ake yi masa. Tallar talabijin da takardun Turanci ba su warware matsalar ba. Sai da sarakuna da malamai da masu unguwanni suka shigo, har aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a 2009, uwaye suka ga mai unguwa ya ɗiga wa ɗansa, sannan ƙofofi suka buɗe. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar polio ta daji. A maganar ungulu, masu faɗa a ji su ne shugaban masu magani, da sarkin fawa, da sarkin baka, da limamin Juma'a. NCF ta gane na farkon. Sauran ukun fa?

A nan ne nake da ƙorafi, kuma ƙorafin masoyi ne. Ka shiga shafukan ƙungiyar ka duba da wane harshe take magana. Kusan komai da Turanci ne, Turancin ma na masu digiri. Wanda ke ɗana wa ungulu tarko a dajin Yobe ko kan iyakar Maraɗi ba ya karanta wannan. Mahaucin da zai iya hana a kama ta a kwatarsa rediyo yake saurara da Hausa. Matar da za ta hana ɗanta zuwa wajen boka saƙon murya take ji a WhatsApp. Gangamin da ke tashi ranar Asabar ɗaya a Satumba, a yi riguna da huluna, a ɗauki hoto da allon sanarwa, sannan a yi shiru, yana gamsar da mai ba da tallafi ne fiye da yadda yake isa kasuwar ƙauye. Ban ce ba a yin komai da Hausa ba. Na ce abin da ake yi bai kai girman matsalar ba, kuma shaidata ita ce kai da kake karanta wannan, mai yini a intanet, wataƙila yau ka fara jin cewa ungulu na ƙarewa.

Sai maganar doka. Najeriya na da dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, an kuma yi mata gyara a 2016 aka ƙara tsananin hukunci. Amma dokar da ba a aiwatarwa takarda ce. Ƙungiya mai zaman kanta ba ta da ikon kama kowa, iyakarta ta yi bincike, ta kai rahoto, ta matsa lamba. Matsin lambar kuma yana ƙarfi ne idan hukuma ta ga akwai jama'a a bayansa. Kwamishinan muhallin da ya san babu wanda zai tambaye shi maganar ungulu a rediyo ko a X ba zai taɓa sa ta a kasafi ba.

Akwai kuma masu cewa duk wannan kuɗin Turawa ne, su tsuntsayensu suke karewa. E, akwai kuɗin waje a ciki, kuma gaskiya ne Bature na son ungulun Masar ta koma masa Bulgeriya lafiya. To sai me? Ungulun kwatar garinku ba ta zuwa Turai. Nan take haihuwa, nan take mutuwa, mushen da take ci namu ne. In ta ƙare, mutumin Sofiya ba zai ji wari ba.

Saboda haka giɓin da ke akwai na harshe ne da na isar da saƙo, kuma wannan ne abin da muka fi kowa iyawa. Mu ne muke mayar da magana ɗaya ta ɗan wasan Kannywood ta zagaye Arewa cikin awa biyu. Mu ne muke sa gwamna ya fito ya yi bayani saboda bidiyon minti ɗaya. Ba ina nufin ka kwafi sanarwar NCF ka liƙa a shafinka da maudu'i ba, wannan ba ya zuwa ko'ina. Ina nufin aikin da ɗan jarida ke yi. Ka ɗauki wayarka ka je wajen sarkin fawan garinku, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, yaushe rabon da ungulu ta sauka a nan, kuma me kuke yi da abin da take cinyewa a da?" Ka bar shi ya yi magana. Wallahi abin da dattijon nan zai faɗa cikin minti biyu zai fi duk wata takardar taro ratsa mutane, domin shi an san shi, kuma ba wanda zai ce Turawa ne suka biya shi. Ke kuma da kike da mabiya dubu 50 a TikTok kina koyar da girki ko kwalliya, kakarki na da labarin ungulu da tatsuniyarta, kuma masu kallonki za su tsaya su ji.

Kayan labari kuwa ba su ƙare ba. Ka san cewa a 1973 wata babbar ungulu ta yi karo da jirgin sama a sararin Abidjan a tsayin sama da mita dubu 11, wanda yana cikin mafi nisan tashin tsuntsu da aka taɓa tabbatarwa? Ka san sanƙon da muke yi mata dariya a kai shi ke sa ta iya cusa kai cikin mushe ba tare da ƙazanta ta manne mata a gashi ba? Tsuntsuwar da muka mayar abin zagi, wadda in an ce wa mutum "kai ungulu ne" sai a yi faɗa, ita ce ma'aikaciyar tsaftar da ba ta taɓa shiga yajin aiki ba. Masu barkwancinmu da ke neman abin yi kullum, ga shi nan a ƙasa.

In kuma kana cikin masu son abin da ya wuce bidiyo, cibiyar APLORI na gudanar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda 'yan sa kai, yawancinsu ɗalibai, ke amfani da manhajar BirdLasser suna rubuta tsuntsun da suka gani da wurin da suka gan shi. Da irin wannan bayani ne masana ke gane inda ungulu ta rage, su san inda za a sa ƙarfi. Rashin ganinta ma bayani ne. Ɗalibin da ke Gashuwa ko Birnin Kudu ko Argungu yana iya kawo abin da mai bincike daga Legas sai ya kashe kuɗin mota da na masauki kafin ya samu.

Sai dai a yi hattara da abu ɗaya, kuma da gaske nake. Idan Allah ya sa ka yi dace ka ga sheƙar ungulu, ko wata bishiyar da suke kwana, kada ka ɗora hoton da sunan ƙauyen, kada ka nuna alamar da za a gane wurin, ka kuma kashe bayanin wuri a kyamararka kafin ka ɗauka. Masu farautarta su ma suna da waya, suna kuma cikin zaurukan da kake ciki. Ka aika wa NCF ko masu binciken Jos bayanin kai tsaye ta akwatin saƙo, ka sanar da mai unguwa ko dagacin wurin don a sa ido a kan bishiyar, mu kuma a shafinka ka nuna mana tsuntsuwar kawai.